Motar kara: Fasahar yaran Matameye da ke buƙatar ma'auni kawai

Da zarar an kammala girbin gero da dawa a Matameye da ke jihar Damagaram, kara kan wadata, a nan ne kuma aikin wasu ƙananan makanikai ke farawa. Yara kan ɓare bawon kara, su yayyanka totuwar da ke ciki, su riƙa sokewa da siraran bawon har mota ta tashi. Waɗanda hannunsu ya faɗa kan koma ga waya, langa-langa da gwangwanin madara, su yanko tayoyi daga tsohon silifas, su ɗaura doguwar sanda a matsayin sitiyari.

A ƙasashen Turai da Japan, manya ne ke kashe kuɗi da makonni wajen harhaɗa ƙananan samfuran tsofaffin motocin tsere. Abin da ya raba aikinsu da na yaranmu shi ne awo. Suna rage girman kowane sashe da ƙa'ida ɗaya, kamar 1:18 ko 1:24 ko 1:43.

Ɗauki Peugeot 504, wadda ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975, kuma aka daɗe ana harhaɗa irinta a Kaduna. Tsawonta ya kusa mita 4.5. A ma'aunin 1:18, samfurinta zai zama santimita 25. Dole ne faɗin taya, tsayin ƙofa da tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya su ma a raba su gida 18, in ba haka ba motar ta fito a karkace.

Nijar ba baƙuwa ba ce a tarihin irin waɗannan motoci. Bafaranshen nan Thierry Sabine ya ɓace a hamadar Tenere a 1977, abin da ya sa masa tunanin kafa tseren Paris-Dakar. Karon farko na tseren, wanda aka kammala a Janairun 1979, ya ratsa ta Agadez da Yamai. A 1987 Ari Vatanen ɗan ƙasar Finland ya lashe shi da Peugeot 205. Matsalar tsaro ta sa aka soke tseren a 2008, ya koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020.

Tseren ya tafi, ita ma motar kara tana fuskantar nata ƙalubalen. Motocin roba masu araha sun cika kasuwanni, wayar salula kuma na cinye lokacin wasan yara. Abin da za a rasa ya wuce wasa, domin yaron da ya gano da kansa yadda gatari ke riƙe taya ya riga ya taka matakin farko na kanikanci da walda.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Malamin firamare da ya ba ɗalibai rula, hoton mota da damin kara, ya ce su raba kowane awo gida 18, ya koyar da lissafi da sana'a a darasi ɗaya.