Blanche DuBois: Macen Da Ta Ji Tsoron Hasken Fitila

Da wuya a ce wanda ya karanta adabin Ingilishi a jami'a bai ci karo da wasan kwaikwayon nan na A Streetcar Named Desire ba, wanda marubucin Amurka Tennessee Williams ya rubuta. An fara nuna shi a dandalin Broadway da ke birnin New York ranar 3 ga Disamba, 1947, ya kuma samu lambar yabo ta Pulitzer a 1948. Fiye da shekara saba'in ke nan, amma har yau ba a daina muhawara a kan jarumar wasan, Blanche DuBois, ba. Wasu na cewa maƙaryaciya ce da ta girbi abin da ta shuka, wasu kuma na cewa baiwar Allah ce da duniya ta zalunta. A ganina duk ɓangarorin biyu sun sauƙaƙa wa kansu aiki.

Ga wanda bai san labarin ba, ga shi a taƙaice. Blanche malamar makaranta ce daga garin Laurel a jihar Mississippi, ta sauka a New Orleans wurin ƙanwarta Stella da akwati cike da kayan ado. An kwatanta mata ta hau taragon lantarki mai suna Desire, wato sha'awa, ta sauya zuwa wani mai suna Cemeteries, wato maƙabartu, sannan ta sauka a titin Elysian Fields. Waɗannan sunaye ba ƙirƙirar marubucin ba ce, akwai su a birnin a wancan zamani, shi dai ya lura ne kawai cewa sun jera tarihin rayuwar mutum. Abin da ta tarar ɗaki biyu ne da labule ya raba, da kuma mijin ƙanwarta, Stanley Kowalski, tsohon soja mai asalin ƙasar Poland, wanda bai san wani abu wai shi kara ba.

Ƙarya kam ta yi ta, babu mai musu. Ta ce hutu ta ɗauka daga makaranta, alhali korar ta aka yi. Ta ce ba ta cika shan giya ba, alhali tun kafin ta ga ƙanwarta ta riga ta gano inda aka ajiye kwalba. Ta gaya wa Mitch, abokin Stanley da ke neman ta da aure, cewa Stella ce babba. Ba ta yarda ya gan ta da rana, kuma ta sayo rigar fitila ta takarda ta sa aka rufe ƙwan lantarkin ɗakin, don kada haske ya tona shekarunta. Ga yawan wanka da ruwan zafi, kamar mai son wanke wani abu da sabulu ba ya kai wa gare shi.

To, amma mai karatu ya lura da zargin farko da aka yi mata. Gidan gadonsu da gonarsa, Belle Reve, ya salwanta, sai Stanley ya ɗauka ta sayar ne ta cinye kuɗin. Ya kafa hujja da dokar jihar Louisiana mai asali daga dokokin Napoleon, wadda a fahimtarsa ta ba miji haƙƙi a dukiyar matarsa, ya birkice mata akwati yana ɗaga sarƙoƙi da riguna. Da ta miƙa masa takardun, sai ga shi bashi ne ya ci gidan: iyaye da kakanni sun yi ta yankar filin suna jinginarwa don biyan bukatun holewarsu. Ita ce kuma ta zauna ta yi jinyar dangi ɗaya bayan ɗaya har suka rasu, ta biya kuɗin jana'iza da albashin malanta, a lokacin da Stella ta riga ta yi tafiyarta. A wannan magana Blanche gaskiya ta faɗa tun farko, kuma babu wanda ya ba ta haƙuri.

Tushen ciwonta yana can baya. Tana da shekara goma sha shida ta kamu da son wani saurayi, Allan Grey, ta aure shi. Daga baya ta tarar da shi tare da wani namiji. Ta yi shiru har suka je wurin rawa, a can ne ta furta masa cewa tana ƙyamarsa, shi kuwa ya fita ya harbe kansa. Kiɗan da ake yi a daren nan shi ne ke dawo mata a kunne duk lokacin da aka matsa mata, ba ya tsayawa sai ta ji ƙarar bindiga. A nan ne nake ganin mabuɗin halinta. Sau ɗaya ta faɗi tsirarar gaskiya ga wanda take so, gaskiyar ta kashe shi. Daga ranar ta zaɓi ta riƙa faɗin abin da ya kamata ya zama gaskiya a maimakon abin da yake.

Wannan ba wanke ta ba ne. Abin da ya sa aka kore ta shi ne alaƙa da ɗalibinta ɗan shekara goma sha bakwai, kuma wannan cin amana ne ko da wane ciwo mutum ke ɗauke da shi. Tana da girman kai irin na 'ya'yan gidan da arziki ya gudu ya bar musu suna. Tana cin abincin Stanley, tana kwana a gidansa, tana kuma kwatanta shi da dabba a gaban matarsa, ba ta san yana tsaye a waje yana ji ba. Kai, ko darajar gidan da take tunƙaho da ita, mun san irin waɗannan manyan gonaki na Mississippi da gumin bayi aka gina su.

Sai dai inda wasan ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda ya nuna mai neman gaskiya. Stanley ya yi bincike, ya samo labarin otal ɗin Flamingo da mazan da ta riƙa bi a Laurel, kuma duk abin da ya samo gaskiya ne. Me ya yi da ita? Ya kai wa Mitch ya ruguza auren da shi kaɗai ne mafakar da ta rage mata, sannan ranar bikin zagayowar haihuwarta ya ba ta kyautar tikitin mota na komawa garin da ya san ba ta da wurin zama a cikinsa. A daren da Stella ke asibiti tana naƙuda, ya yi wa Blanche fyaɗe.

Ta gaya wa ƙanwarta. Stella kuwa ta bayyana wa maƙwabciyarsu Eunice cewa ba za ta iya gaskata maganar ta kuma ci gaba da zama da mijinta ba, Eunice ta ƙarfafa mata gwiwa a kan kada ta gaskata. Mai karatu ya dubi wannan da kyau. Stella ba ta ce ƙarya ba ne, lissafi ta yi: ga jariri a hannu, ga mijin da take so, ba ta da gidan uban da za ta koma. Ashe yaudarar kai ba Blanche kaɗai ke yin ta a gidan nan ba. Bambancin shi ne tata ba ta amfani kowa, sai aka kira ta hauka, ta Stella kuwa tana riƙe da aure, sai aka bar ta a matsayin hankali. Tsofaffin ƙarairayin Blanche a kan shekaru da giya su ne suka zama hujjar watsi da maganarta a ranar da ta fi bukatar a saurare ta, kuma Stanley ya san haka kafin ya taɓa ta.

Williams bai rubuta wannan daga nesa ba. Yayarsa Rose ta yi fama da taɓin hankali, aka yi mata tiyatar ƙwaƙwalwa a 1943 wadda ta nakasa ta har ƙarshen rayuwarta, shi ne kuma ya riƙa ɗaukar nauyin kula da ita da kuɗin wasanninsa. Ina jin shi ya sa bai yarda ya bar mai kallo ya tashi da sanyin zuciya ba. Masu tace finafinai a Amurka ba su iya jure hakan ba. A fim ɗin 1951, wanda Elia Kazan ya ba da umarni, Vivien Leigh ta fito a Blanche, Marlon Brando kuma a Stanley, an ɓoye ainihin sirrin Allan, an kuma sauya ƙarshe aka nuna Stella ta ɗauki jaririnta tana alwashin ba za ta koma wurin mijinta ba, don dai a ga mai laifi ya ɗanɗana hukunci.

A wasan na asali babu wannan rangwame. Blanche ta yi kwalliya tana jiran wani attajirin mai na Dallas da take raya wa kanta zai zo ya ɗauke ta, sai ga likita da ma'aikaciyar jinya daga asibitin masu taɓin hankali. Stanley ya yage rigar fitilar ya miƙa mata. Ta yi turjiya, har sai da likitan ya cire hularsa ya kira ta da ladabi, sannan ta kama hannunsa ta bi shi. Stella na kuka, mijinta na lallashin ta, abokansa kuma sun koma kan teburi suna raba karta.