Baƙon Kifi: A Ba Shi Masauki Dabam Kafin Ya Shiga Cikin 'Yan'uwa

Abin da muka kawo muku a wannan mako ya faro ne daga wata asara da ta same mu, kuma mun ga ya kyautu mu faɗa, domin kunne in ya ji, jiki ya tsira.

A ɗakin da muke koyar da yaran makarantar Lahadi muna da akwatin gilashi mai ruwa, da kifayen ado guda shida a ciki, irin jajayen nan da ake kira kifin zinariya. Yara ne ke ba su abinci bi da bi. Ran nan wani ɗan'uwa ya dawo daga tafiya, ya kawo mana tsarabar wasu guda biyu a cikin leda. Muka yi godiya, muka juye su tare da ruwan ledar a cikin akwatin nan take. Kafin kwana goma sai muka ga fararen ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa musu gishiri, suna ta goga jiki a kan duwatsun ƙasa. Cikin mako uku kifi ɗaya ne ya rage. Laifin ba na mai tsaraba ba ne, gaggawarmu ce ta ja mana.

Wani zai ce, kifin kallo ne kawai, mene ne na damuwa? To, a ikilisiyoyinmu da yawa Zumuntar Mata da ƙungiyar matasa suna haɗa kuɗi su sayi 'ya'yan tarwada su zuba a tafki, wasu ma da bashi. Cutar da ta kashe mana kifi bakwai ita ce dai ke iya kashe dubu a can, ta kuma hanya ɗaya take shiga, wato ta jikin baƙon kifi.

Yadda cutar take aiki

Kifin zinariya asalinsa daga ƙasar Sin ne, inda aka fara kiwonsa fiye da shekara 1,000 da suka wuce. Kafin ya iso hannunmu yakan ratsa hannun 'yan kasuwa da yawa, a cunkushe cikin ruwa kaɗan. Wahalar hanya tana raunana shi, cuta kuwa raunanne take nema.

Fararen ɗigon nan wata ƙaramar halitta ce da ke shiga ƙarƙashin fatar kifi, da kuma wurin da yake numfashi a gefen kai. Tana ci daga jikinsa har ta ƙoshi, sa'an nan ta faɗo ƙasan ruwa, ta rufe kanta, ta rarrabu zuwa ɗaruruwan 'ya'ya. Waɗannan su ne ke fitowa suna iyo suna neman wani kifin. In ruwa na da ɗumi, kamar digiri 25, zagayen nan yakan cika cikin mako guda ko ƙasa da haka. In akwai sanyi, yakan ja makonni. Abin lura a nan biyu ne. Na fari, magani ba ya kama ta sa'ad da take cikin fata, sai lokacin da 'ya'yan ke yawo a ruwa, shi ya sa ba a yin magani rana ɗaya a daina. Na biyu, kifi yana iya ɗauke da ita a wurin numfashinsa alhali jikinsa fes. Ke nan ganin ido a kasuwa bai isa shaida ba.

Ba mu kaɗai muka taɓa wannan kuskure ba. A shekarar 1975 aka gano wata ƙaramar tsutsa a jikin 'ya'yan kifin salmon a ƙasar Norwe, wadda ta shigo tare da kifayen da aka kawo daga Suwidin. Ta bazu zuwa koguna kimanin 50, har hukuma ta riƙa zuba guba a kogi sukutum, a kashe kifayen duka domin tsutsar ta rasa inda za ta zauna. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Keɓewa ba baƙon abu ba ne gare mu

Mu da muke karanta Littafi Mai Tsarki mun san wannan ka'ida. A Littafin Firistoci sura 13, wanda aka ga tabo a fatarsa ba a yanke masa hukunci nan take. Firist yakan keɓe shi kwana bakwai, ya sake dubawa, in bai tabbata ba ya ƙara wasu bakwai. Haka kuma a shekarar 1377 birnin Ragusa, wanda yau ake kira Dubrovnik a ƙasar Kuroshiya, ya kafa doka cewa masu zuwa daga ƙasashen annoba su jira kwana 30 a waje kafin su shiga gari. Hikimar ɗaya ce: a ba lokaci dama ya tona abin da ke ɓoye.

Abin da ya kamata a yi

Kafin a sayo kifi, a tanadi masaukinsa. Ba sai an sayi wani akwatin gilashi ba, baho ko babban daro na roba mai tsabta ya isa, muddin bai taɓa sabulu ko maganin ƙwari ba. A ajiye shi a inuwa, a rufe da raga don kada kifi ya yi tsalle. In ruwan famfo ne, a tara shi ya kwana ya wuni a buɗe, domin kilorin da ake zubawa a ciki yana ƙona wurin numfashin kifi.

In kifi ya iso, a sa ledar a kan ruwan masaukin kamar minti 20 domin ɗumin ruwan biyu ya daidaita. Sa'an nan a kwashe kifin kaɗai, ruwan ledar kuwa a zubar da shi a ƙasa, nesa da tafki.

A bar shi a nan mako huɗu, ana dubansa safe da yamma. Alamun rashin lafiya su ne fararen ɗigo, da goga jiki, da tsuke fukafukai, da ƙin abinci, da tasowa sama yana haki. In an ga ɗaya daga cikinsu, a yi magani a masaukin, sa'an nan a soma ƙidayar makonnin daga farko bayan ya warke.

Gishiri yana taimako ƙwarai, kuma kifin zinariya yana jure giram 1 zuwa 3 a kowace litar ruwa. A narkar da shi a kofi tukuna, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin kwana biyu ko uku. In abin ya fi ƙarfin gishiri, a nemi likitan dabbobi ko malamin gona. Kada a fasa kafso na mutane a zuba a ruwa.

Bokiti da ragar kamu na masaukin su zama nasa shi kaɗai. Jiƙaƙƙiyar raga tana ɗaukar cuta kamar yadda kifi ke ɗauka. A wanke hannu kafin da bayan taɓa ruwan, mai rauni a hannu kuwa kada ya tsoma shi, domin akwai ƙwayar cutar kifi da ke shiga ta miki ta kama mutum.

Tsofaffin gida ma a kula da su

Yawancin ciwon kifi daga lalacewar ruwa yake farawa. Kashinsa da ragowar abinci suna haifar da amoniya, wadda guba ce gare shi, kifin zinariya kuwa mai yawan ci ne da yawan kashi. A ba shi abin da zai cinye cikin minti biyu ko uku. Kowane mako a kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan a zuba wanda ya kwana, masauki kuwa da ba shi da matata sai an fi yawan canza masa. Kada a cika kifaye a ƙaramin wuri. Lokacin hunturu a ƙara sa ido, musamman a wurare masu sanyi irin su Jos, domin saukar sanyi farat ɗaya tana karya ƙarfin kifi. Wanda ya mutu a binne shi, mara lafiya kuwa kada a sake shi a rafi, gama maƙwabtanmu masunta ne a can.

'Yan'uwa, mun ga cewa masaukin nan alheri ne ga baƙon kansa, domin a nan yake hutawa ya ci abinci ba mai tsangwamarsa. Abin da Allah ya danƙa a hannunmu, ko kifi ɗaya ne a gilashi ko jarin gwauraye a tafki, mu wakilai ne a kansa, za mu kuwa ba da lissafi. Yanzu haka muna da sababbin kifaye uku a cikin baho a bayan ɗakin. Yara sun rubuta kwana 28 a allo suna sokewa ɗaya-ɗaya, kuma su ne ke hana manya gaggawa. Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su karanta wannan a taronsu kafin su sayo 'ya'yan kifi na gaba. Ubangiji ya sa albarka ga aikin hannuwanku. Amin.