Kafin Ka Raba Rumbun Kwamfutarka Gida Biyu

Duk wanda ya taso a karkarar Dambatta ko Bichi ya san rigimar gona a bakin iyaka take tashi. Haka abin yake ga mai son ɗora manyan manhajoji biyu, Windows da Linux, a kwamfuta ɗaya, ta yadda in ya kunna za ta tambaye shi wacce zai shiga. Sai an tsaga rumbun ajiyar bayanai an ba kowacce kasonta, kuma a wajen wannan tsagawar ake yin asara. Maganar ta yi ƙarfi ne tun 14 ga Oktoba, 2025, ranar da Microsoft ya janye tallafinsa ga Windows 10, alhali da yawa daga cikin tsofaffin kwamfutocin hannu da ake sayowa daga Farm Centre ko titin Beirut a Kano ba su da na'urar tsaron TPM 2.0 da Windows 11 ke buƙata. Shawarar a gwada nau'o'in Linux irin su Ubuntu ko Linux Mint ba laifi ba ce, kyauta ake samun su. Laifin shi ne a yi gwajin a kan kwamfuta ɗaya tilo da mutum ke ci da ita, ba tare da ya kwafe abin da ke ciki ba.

Yayin da ake matse ɓangaren Windows don a samar da fili, ana iya kwashe bayanai daga wuri zuwa wuri. In aka ɗauke wuta ko man janareta ya ƙare a tsakiyar aikin, ga batirin ya daɗe da mutuwa, to takardun kwastomomin mai shagon buga takardu, ko binciken kammala karatun ɗalibin Kwalejin Noma ta Audu Bako, na iya tafiya gaba ɗaya. Sannan a allon sakawa, zaɓin goge rumbun dungurungum yana nan daf da zaɓin ajiye Linux a gefen Windows, duka cikin Turanci, danna ɗaya ne tsakaninsu. In kuma rumbun na kulle da BitLocker, Windows na iya neman mabuɗi mai lambobi 48 wanda mai saye na biyu bai taɓa gani ba.

Wani zai ce ai mai gyara ya san aikinsa. Ya sani, amma ƙwarewarsa ba ta riƙe wuta, kuma matsalar ba ta ƙarewa ranar da aka gama sakawa. A watan Agusta 2024 wani sabuntawar tsaro na Windows ya hana Linux tashi a kwamfutoci da dama masu manhaja biyu. Mai zama a Makoɗa ko Kunchi, kowane irin wannan cikas kuɗin mota ne zuwa birni da yini guda. Saboda haka a fara kwafe komai a wani rumbu na daban, a buɗe kwafin a tabbatar yana aiki. A kuma fara kunna Linux daga filashi, domin yana tashi daga nan ba tare da ya taɓa rumbun ba, mutum ya ga ko firintarsa da modem za su yi aiki.

Wanda ya raba kuma ya lura da agogo. Linux na ajiye lokaci bisa agogon GMT, Windows kuwa bisa agogon gida, don haka bayan an sauya za a iya tarar da Windows ta koma baya da awa ɗaya. Mai duba ta don shan ruwa da azumi sai ya gyara saitin tukuna.