Tace Maganganun da Ake Yi Kan Ganawar Neman Aikin Rage Ɓarna

Tun da masana'antu suka fara neman ma'aikata masu sanin tsarin rage ɓarna da gyaran aiki a kullum, wanda Japanawa ke kira kaizen, maganganu suka yawaita a bakin samari masu shirin shiga intabiyu, wasu da asali, wasu kuwa shaci-faɗi ne. Kuma da yake zance marar isnadi yakan jawo wa yaro mai ƙwazo asarar kuɗinsa da lokacinsa, na ga ya wajaba a zauna a tace su.

Ana cewa wai wanda bai riƙe takardar baƙar ɗamara ba, ko kallonsa ba za a yi ba. A nan akwai ƙanshin gaskiya, domin wasu kamfanoni sukan sa ta cikin sharuɗɗa. Amma ɗamarun nan na wata mazhaba ce dabam, wato Six Sigma, wadda ta fito daga kamfanin Motorola na Amurka a 1986, ta shahara bayan General Electric ya rungume ta a 1995, kuma himmarta ita ce kada aibi ya wuce 3.4 cikin miliyan. Tsarin rage ɓarna kuwa ya girme ta, gama Taiichi Ohno ne da abokan aikinsa suka gina shi a Toyota bayan Yaƙin Duniya na Biyu, har ya rubuta littafi a kansa a 1978. Babu wata hukuma guda da ke ba da ɗamara a duniya, shi ya sa mai tambaya da ya san aikinsa yakan ɗauke ta kamar ijaza, wadda darajarta ke ga malamin da ya bayar da kuma abin da almajirin zai iya warwarewa in an buɗe masa littafi a majalisi.

Shubuhar da ta fi damuna ita ce wadda ke cewa manufar tsarin korar ma'aikata ce, har wasu ke shiga ganawa da alkawarin rage mutane, suna zaton abin da ake son ji ke nan. Haƙiƙa an sami kamfanonin da suka fake da sunansa suka sallami jama'a, wannan ba a musu. Sai dai asalinsa ya saɓa wa haka: a 1950, sa'ad da Toyota ya shiga ƙuncin kuɗi ya sallami ma'aikata fiye da dubu, aka yi yajin aiki, shugabansa Kiichiro Toyoda ya sauka daga kujerarsa, kuma bayan wannan ɗaci ne kamfanin ya ɗauki al'adar riƙe ma'aikatansa na dindindin, har ya ba kowane ma'aikaci izinin jan igiya ya nemi a tsayar da layi in ya ga aibi. Wane ne zai nuna ɓarnar da ke cikin aikinsa alhali ya san abincinsa zai tafi da ita?

Batun cewa sai a masana'antar mota ake amfani da shi, wannan ƙarya ce: asibitin Virginia Mason da ke Siyatil ya ɗauke shi a 2002, Habasha ma ta kafa cibiyar kaizen da taimakon Japan.

Abin da yake sahihi cikin abin da ake faɗa shi ne za a nemi labari mai alƙaluma, wani lokaci ma a zagaya da mutum wurin aiki a tambaye shi abin da ya gani. Haddace kalmomin Japananci ba ya wadatarwa a nan. Ohno ya ƙidaya ɓarna iri bakwai: yin kaya fiye da buƙata, jira, jigila marar dalili, aikin da ya wuce kima, tara kaya a sito, motsin banza, da kaya masu aibi, an kuma ruwaito cewa yakan zana da'ira da alli a ƙasa, ya tsayar da injiniya a ciki sa'o'i, har sai idonsa ya fara ganinsu. Saboda haka mai shiri ya zaɓi aiki guda da ya taɓa gyarawa da hannunsa, ko da layin karɓar magani ne ko ɗakin ajiya na shago, ya san minti nawa abin yake ci a da, yadda ya bi "me ya sa" sau biyar har ya kai ga tushen matsalar, wanda ya taimake shi cikin masu aikin, da minti nawa ya koma. In gwajin farko bai yi nasara ba, ya faɗa a fili, domin sau da yawa nan ne mai tambaya yake tsayawa ya ce: to, daga nan me ka sake gwadawa?