Ladan Koyar da Iyo: Abin da Aikin Sa-kai Ya Koya Mini a Kaduna

Duk wanda ya tashi a Unguwar Rimi, ko Kabala, ko Malali, ko Rafin Guza, ya san cewa da zarar damina ta kankama hankalin iyaye mata ba ya kwanciya. Kogin Kaduna, wanda ya taso daga tsaunukan Filato ya ratsa garin ya gangara har ya haɗe da kogin Neja, da rani yakan janye har duwatsunsa su bayyana, yara su mayar da shi wurin wasa. Amma daga watan Agusta zuwa Satumba sai ya cika ya batse, kamar yadda aka gani a ambaliyar shekarar 2003 da ta 2012, lokacin da ruwa ya shiga gidajen jama'a da ke gaɓa. Yaron da ya saba tsallake shi a watan Maris bai san cewa wani kogin daban ne yake fuskanta a watan Satumba ba.

Wannan fargaba ce ta kai ni ga aikin da nake son ba mai karatu labari a yau. Shekarun baya, wani ɗan maƙwabcinmu da bai wuce shekara goma ba ya bi abokansa wanka bayan an tashi daga Islamiyya, kuma sai bayan kwana biyu masunta suka tsamo gawarsa. A wurin zaman makoki kowa ya yi ta cewa kwana ne ya ƙare, haka ne kuwa. Sai dai ni da na koyi iyo tun ina yaro a rafin ƙauyenmu, na koma gida da tambaya guda tana ci mini rai: me ya hana ni koya wa yaron nan abin da na iya? Daga nan ni da wasu abokai muka nemi alfarma a wani wurin ninkaya da ke cikin gari, aka ba mu safiyar Asabar, muka fara da yaran unguwarmu, ba tare da karɓar ko sisi ba.

Kada mai karatu ya ɗauka matsalar ta Kaduna ce kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, kuma nahiyar Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. A wannan shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 25 ga watan Yuli ta kowace shekara domin yaƙi da nutsewa. A shekarar dai muka ga kifewar jirgin ruwa a yankin Ngaski na Jihar Kebbi a watan Mayu, sannan a ƙarshen Nuwamba aka yi na Bagwai a Jihar Kano, inda akasarin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne. A ƙasar Bangaladash kuwa, inda ruwa ya fi namu yawa, an daɗe ana kafa shingen gora a cikin kududdufan ƙauye, matasan gari suna koya wa yara iyo a ciki. Ashe ba sai an gina tafki na miliyoyin naira ba.

To, me mai sa-kai yake samu? Ita ce tambayar da 'yan'uwa suka fi yi mini, musamman idan suka ga mutum ya bar barcin safiyar Asabar, ya sayi mai da kuɗinsa, ya dawo idanu jajur saboda maganin da ake zuba wa ruwa.

Abu na farko shi ne haƙuri, irin wanda ba a koyonsa a littafi. Yaron da ya zo sabo, abin da ya fi tsoro shi ne sanya fuskarsa cikin ruwa. Za ka iya shafe Asabar uku kana lallashinsa ya hura kumfa kawai. Bayan nan sai a koya masa kwanciya rigingine a saman ruwa, hannunka a ƙarƙashin bayansa, kana yi masa magana a hankali. Akwai lokacin da za ka zare hannun ba tare da ya sani ba, ya ci gaba da shawagi shi kaɗai, sai can ya waiwayo ya gan ka tsaye nesa da shi. Irin kallon da yake yi maka a wannan lokaci, da ihun da yake yi yana kiran 'yan'uwansa su zo su gani, ban taɓa samun albashin da ya yi mini daɗi kamarsa ba. Uwargidana ma ta shaida cewa tun da na fara wannan aiki na rage yi wa 'ya'yanmu tsawa a gida.

Abu na biyu shi ne ilimi. Na shiga aikin ina ganin na iya ruwa, sai na tarar iya iyo daban, iya ceto daban. A nan na fahimci cewa wanda ke nutsewa galibi ba ya ihu kamar yadda ake nunawa a finafinai, domin numfashin da zai yi ihun da shi ne yake nema. Shiru yake tafiya, wani lokaci a tsakiyar abokansa. Na kuma gane gaskiyar maganar Hausawa cewa wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, shi ya sa sau da yawa ake rasa rai biyu maimakon ɗaya, idan mai ceto ya faɗa ruwa aka ƙanƙame shi. Abin da muke nanata wa yara shi ne su tsaya a gaɓa, su yi kururuwa, su miƙa sanda ko gora, ko su jefa igiya ko jarka marar komai da aka rufe bakinta. Mu kanmu sai da muka nemi ma'aikatan jinya suka koya mana yadda ake danna ƙirji da hura numfashi ga wanda aka tsamo.

Abu na uku ya shafi garin kansa. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa rikice-rikicen shekarar 2000 da 2002 sun raba mazauna Kaduna, har kogin ya zama tamkar iyaka tsakanin arewa da kudu. Amma a bakin ruwa na yi aiki da mutanen da ke tsallako gada daga Barnawa da Sabon Tasha, muka riƙe 'ya'yan juna a ruwa mai zurfi. Mutumin da ya yarda ya miƙa maka ɗansa a irin wannan wuri ya ba ka amanar da ta fi ta dukiya, kuma da wuya gobe wani ya zo ya ce maka maƙiyinka ne ka yarda.

Akwai kuma lafiyar jiki, wadda ta zo a matsayin gyara, da ladan da muke fata a wurin Ubangiji. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya umarci a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Al'adarmu ma ba baƙuwar abin ba ce: a bikin kamun kifi na Argungu ana gasar ninkaya da kamun agwagwa, ga kuma Sarkawa da suka gaji ruwa kaka da kakanni. Shi kansa aikin sa-kai, ai gayya ce ta sake riga, kuma 'yan agajin da muke gani a masallatai da filayen idi sun isa misali.

Ba zan ɓoye wahalhalun ba. Yawancin wuraren ninkaya na otal-otal ne da kulob-kulob, kuɗin shigarsu ya fi ƙarfin talaka, alhali ɗan talakan ne ke zuwa kogi. Wani lokaci famfo ya lalace, ruwa ya yi kore, a mayar da yara gida. Babban giɓin kuwa shi ne na 'ya'ya mata, domin iyaye ba za su sake su ba sai an samu mata masu koyarwa, da keɓantaccen lokaci, da suturar da ta dace, kuma suna da gaskiya. Amma idan kwalekwale ya kife, ruwa ba ya tambayar namiji ne ko mace.

Don haka ina kira ga masu otal-otal da makarantun da ke da wurin ninkaya su sadaukar da sa'o'i biyu a mako, ga hukumar wasanni ta jiha ta horar da masu sa-kai maza da mata, ga masu unguwanni da limamai su ja hankalin iyaye tun kafin ruwan farko ya sauka. Kai kuma mai karatu da ka iya iyo, ka dubi yaran layinku ka ƙirga nawa ne a cikinsu za su iya fitar da kansu idan ƙafa ta zame. Allah Ya kare mana zuri'a, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.