Me Ya Sa Hoton Gonarmu Yake Fitowa Dishi-Dishi?

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Shi ya sa ƙungiyoyinmu na gama kai suke haɗa hotuna da rahotonsu, ko na kwazazzabon da yake cin gona, ko na itatuwan da aka dasa. Amma a yawon da muke yi ƙauye-ƙauye, sau da yawa akan miƙo mana hoto, mu duba, mu kasa bambanta dawa da gamba. Mai karanta rahoton kuwa yana nesa, bai taɓa taka gonar ba. In hoton bai nuna masa ɓarnar ba, ƙungiya ta rasa shaidarta ke nan.

Mun lura yawancin laifin ba na kyamara ba ne, ko da ta ƙaramar wayar hannu ce. Ga inda matsalar take.

Na fari, rawar hannu. Kyamara takan buɗe ido ta karɓi haske, sa'an nan ta rufe. In rana ta fito sosai, ƙiftawar takan ɗauki kashi 1 cikin 500 na daƙiƙa, ko ƙasa da haka. Da almuru kuwa tana iya jan kashi 1 cikin 15, domin hasken ya yi kaɗan. Duk motsin da hannu ya yi a wannan tsakani zai fito a hoton. Saboda haka mu riƙe da hannu biyu, mu manne gwiwar hannu a jiki. Abin da ya fi ma, mu kife turmi, mu ɗora ƙunshin gero a kai, mu kafa wayar a jikinsa, mu sa mata jinkirin daƙiƙa 3 ta ɗauka da kanta.

Na biyu, saiti. Kyamara takan kama abin da ya fi kusa da ita, ko reshe ne ko karan dawa, ta bar filin da ke baya ya dushe. Mu matsa daga irin waɗannan, mu taɓa fuskar wayar daidai wurin da muke so ya fito garau.

Na uku, gilashin idon kyamara. Maiƙon yatsa da ƙurar aljihu sukan lulluɓe shi. Mu hure ƙurar tukuna, kada yashi ya karce shi, kana mu goge da tattausan ƙyalle.

Na huɗu, yanayi. Da hunturu, wajen Nuwamba zuwa Maris, iska takan kwaso ƙura daga hamada, musamman kwarin Bodele na ƙasar Cadi, har tudu mai nisa ya ɓace cikin hazo. Da tsakar rana ta bazara kuma zafin ƙasa yakan sa abin da ke nesa ya riƙa rawa kamar kawalwalniya. Lokacin da ya fi kyau shi ne da hantsi, rana tana bayanmu, iska kuma ba ta kaɗa ganye.

Daga ƙarshe, kada mu jawo hoto da yatsu. A ƙananan wayoyi wannan faɗaɗa ɗigogin hoton kawai yake yi. Gara mu taka da ƙafa mu matsa kusa.

'Yan'uwa manoma, sauri kan haifi nawa. Mu ɗauki uku ko huɗu, mu buɗa kowanne mu duba tun muna tsaye a gonar. In an yi girbi, ko ruwan ambaliya ya janye, ba mu da damar komawa mu sake.