Daga kwanan titi zuwa gona: yadda Salvation Army ta sama wa marasa muhalli sana'a a Ingila

A shekarar 1890 ne William Booth, malamin addinin Kirista da ya kafa ƙungiyar Salvation Army a gabashin birnin Landan, ya fitar da wani shiri na raba marasa muhalli da kwanan titi. Hujjarsa ita ce, wanda aka ba tuwo da wurin kwana kawai, gobe ma zai dawo ya miƙa hannu. Saboda haka ya ɗora shirin a kan aiki.

Mutum yakan fara da ɗakin kwanan ƙungiyar, inda ake biyan 'yan kwabbai. Wanda ba shi da ko sisi sai a tura shi ma'aikatar ƙungiyar, ya faskara itace ko ya tsince tsofaffin takardu, ya biya kuɗin abinci da makwanci da guminsa. Wanda ya nuna himma kuwa, a kai shi gona.

Ƙungiyar ta sayi gonar a Hadleigh da ke lardin Essex a 1891. A can aka koya wa mutanen noman lambu da kiwon kaji da buga tubali, ana kai amfanin kasuwa. Da dama daga cikinsu sun samu aiki daga bisani, wasu har a Kanada.

To amma kasuwa ba ta san sadaka ba. A 1891 ɗin ƙungiyar ta buɗe masana'antar ashana a Landan, ta ƙi amfani da farin sinadarin fosfaros mai ruɓar da muƙamuƙin ma'aikata, ta kuma biya ladan da ya fi na sauran kamfanoni. Wannan ya sa ashanarta ta yi tsada, ciniki ya ja baya, kuma zuwa 1901 masana'antar ta kuɓuce mata. Ƙungiyoyin ƙwadago su ma sun yi ƙorafi cewa ladan da ake biyan kafintoci a ma'aikatarta yana karya darajar aikin masu sana'ar, ƙorafin da ba za a ce ba shi da tushe ba.

Gonar Hadleigh dai tana hannun ƙungiyar har yanzu, inda ake koya wa masu buƙata ta musamman sana'o'i. Ƙungiyar ta iso Nijeriya a 1920, ta fara aiki a Legas.